Takabar Tsahara

Ni na fara gani. Kafin liman, kafin mai unguwa, kafin matan layinmu da ke cewa ba abin da ke wuce su, ni Ɗanasabe mai goro na san Zakariya'u ya mutu. Ban shiga lakwal na yi boko ba, ko sunana aka rubuta a bango wucewa zan yi, amma shekarun da na yi zaune bakin ƙofar mutane sun koya mani karatun fuska. Na yi aikin dole zamanin Nasara na dawo da ƙafafuna. Na ga lokacin da ake kwasar mutane a mota don sun gaisa da wanda bai kamata ba, ni ba a kwashe ni ba. Yunwa ta shigo Maraɗi ta fita, ta sake shigowa ta sake fita, ta bar ni zaune. Ba sa'a ta tsallakar da ni ba, ido ne.

Teburina na jingine da bangon gidan Alhaji Maman Lawali a Sabon Gari. Alhaji ɗan kasuwar hatsi ne, da dimokuraɗiyya ta shigo ya shiga parti yana neman kujerar depite a majalisar dokoki. Ƙanensa Zakariya'u soja ne, aka tura shi arewa rakiyar motoci lokacin tawaye. Ya bar matarsa Tsahara, 'yar Tibiri, da ƙaramar ɗiyarsu Maijidda a cikin gidan.

Wata ranar hantsi, ana tsakiyar kamfen, ƙofar gida cike da makaɗa da 'yan bangar parti, wani soja ya zo yana jan ƙafa. Ya tsaya gaban teburina bai sayi komi ba.

"Baba, nan ne gidan su Zakariya'u?"

"Nan ne."

"Wane ne babba a gidan?"

A nan na gane. Wanda ya kawo gaisuwa, matar mutum da 'ya'yansa yake tambaya. Wanda ya tambayi babban gida, mutuwa ya ɗauko, don haka al'adarmu take: ba a sauke labarin rasuwa a gaban mata, babba ake faɗa wa, shi ya san yadda zai shigar da shi cikin gida. Na tambayi sunansa, ya ce Sha'ibu. Na nuna masa zaure. Ina kallo ya cire hula ya durƙusa gaban Alhaji, Alhaji ya kori kowa ya turo ƙyaure.

Na rufe gorona da buhun algarara ina jiran salati da kukan mata. Shiru. Can suka fito, Alhaji riƙe da hannun sojan, ya saka shi cikin motarsa ya kai shi tasha da kansa. Alhajin da ko surukinsa bai taɓa rakawa ya wuce bakin kwata ba. Da ya dawo ya tsaya tsakiyar zaure ya ɗaga murya yadda za a ji har cikin gida.

"Zakariya'u na gaishe ku. 'Yan tawaye sun riƙe shi, amma lafiyarsa lau. A ci gaba da addu'a."

Ya yi wa makaɗa alama suka ci gaba.

Bayan la'asar na tari Malam Abdulrazak, limamin masallacinmu, na faɗa masa abin da na gani.

"Ka ji da kunnenka, Ɗanasabe?"

"Allah gafarta Malam, idona ya ji."

"Ido ba ya shaidar magana. Ka ji tsoron Allah, kar ka kashe mutum da baki."

Kafin mako ya zagayo an sa mani suna mai baƙin baki. Yara na wucewa suna cewa, Baba, yau wa ya mutu? Na bar su. Ni ba ɗan gida ba ne, ba ni da hurumin shiga in ce wa matar aure mijinta ya rasu, babban gida na zaune yana cewa yana raye. Sai na zuba ido.

Tsahara kuwa ta yarda. Mi zai hana? Wan mijinta ne ya faɗa. Ta riƙa azumin Litinin da Alhamis, ta maƙale wa wata 'yar rediyo, ko tana daka tana kusa da turmi. Da ma ita ba mai yawan magana ba ce, doguwa ce mai zanen Gobirawa a kumatu, in ta wuce kai niƙa sai ta rage tsawo ta ce, "Baba, ina wuni," in ce, "Ɗiyata, ya jiran?" ta ce, "Da godiya."

Kai niƙan ma abin lura ne. Da Zakariya'u na nan ba ta fita, yara ake aike. Da labarin riƙewa ya zo sai aikin gidan ya koma kanta. Hajiya Saudatu, yayar Alhaji, wadda ke juya cikin gida tun da aurenta ya mutu, ita ta tsara haka.

"Ke ba ki da miji a ɗaki, ba ki da wanda za ki yi wa kwalliya. Aiki zai rage maki tunani."

Tuwon 'yan parti ita, furar baƙi ita, wankin tukwane ita. Mutum ɗari su ci a ƙofar gida su yi kirari su tashi, ba wanda ya san hannun da ya tuƙa. Alhaji kuma in ya hau kan mota wurin mitin, da ita yake buɗe jawabi. Ya ce, ga matar ƙanena can a gida tana kuka, ku zaɓe mu mu dawo da 'yan'uwanmu daga arewa. Mata su yi ta share hawaye. Na tsaya bayan taro ina kallon bakinsa, ko gargada babu.

Zaɓen farko ya zo, Alhaji ya faɗi. Na ce to, yanzu zai sauke labarin rasuwar. Na same shi shi kaɗai a zaure yana yankan farce.

"Alhaji, wane labari daga arewa?"

"Sai alheri."

"Yaron nan da ya zo yana jan ƙafa, bai sake leƙowa ba?"

Ya ajiye reza ya dube ni.

"Baba Ɗanasabe, wa ke sayen goro wurinka kwanakin nan? An ce mani 'yan wancan partin sun faye zama a bencinka."

"Goro ba shi da parti, Alhaji."

"Bango na da mai shi."

Na fahimta. Na yi masa sai an jima.

Lokacin nan Maraɗi kowa na zargin kowa. Wa da ƙane sun daina cin tuwo kwano ɗaya saboda hular parti. Yau yajin aiki, gobe a ƙona taya, jibi a ce kar kowa ya buɗe kanti. In ka gaisa da mutum sau biyu a rana sai a ce an saye ka. A irin wannan gari, wanda ke da abin ɓoyewa ya samu inuwa, don duk wanda ya tambaye shi sai ya ce turo shi aka yi.

Tsohuwar su Alhaji, mahaifiyarsu, na kwance da hawan jini. Daga baya da magana ta fito, ita Alhaji ya fara kafa hujja da ita, wai in ta ji zuciyarta za ta buga. To tsohuwar ta rasu da damina tana kiran sunan autanta, aka yi mata sutura, aka share makoki, hujja ta bi ta kabari, shirun bai bi ta ba. Bayan sadakar arba'in na ga abu na biyu. Wani maroƙin parti ya fito daga gidan sanye da babbar riga ruwan ƙasa mai aska biyu. Na san rigar, da ita Zakariya'u ya ɗaura aure.

"Kai, wa ya ba ka wannan?"

"Hajiya Saudatu, uwar marayu. Ta ce asu zai cinye ta a adaka."

Ba a kyauta da rigar mai rai. Ranar na san Hajiya ma ta sani.

Tsahara ta ga rigar ita ma. Washegari da ta fito da kwaryar niƙa ba ta wuce ba, ta tsaya.

"Baba, kai da ke zaune nan kullum, sojan nan da ya zo, mi ka gani a fuskarsa?"

Na hau juya goro. In na faɗa, shaidata ido ce kawai, liman ya riga ya ƙi ta. Za ta shiga ta yi kuka, Alhaji ya ce tsoho ya ruɗe, a kore ni, ita a ƙara ƙulle ta.

"Ɗiyata, tambayi waɗanda suka tura shi. Bariki ba nisa."

Ta tahi. Ba ta ko samu shiga ba, mai tsaron ƙofa ya ce ta turo namiji. Amma wani ɗan bangar Alhaji ya gan ta tsaye can, ya kuma ga matar wani jigon ɗaya partin ta rage mata hanya a mota. Kafin ta iso gida labari ya riga ta. Daga teburina nake jin muryar Hajiya Saudatu ta kan katanga.

"Ashe ke ce. Mu yi magana a ɗaki da safe, da rana a ji ta a bakin abokan gaba. Muna ciyar da ke kina kai mu kasuwa."

"Yaya, mijina na je tambaya."

"Mijinki ya fi zama ƙanenmu? Mu da muka sha nono ɗaya ba mu je bariki ba sai ke? Da ma mutanenku na Tibiri duk can suka jefa ƙuri'a."

Aka karɓe rediyon. Aka hana ta fita ko niƙa. Kawunta Wada ya zo daga Tibiri kan jaki ya roƙi a ba shi ita ta ɗan zauna gida har mijin ya dawo. Alhaji ya karɓe shi hannu biyu, ya sa aka kawo masa fura.

"Kawu, amana ce ƙanena ya bar mani. In ya dawo gobe ya tarar da ɗakinsa a rufe, in ce masa mi? Matar soja ba ta yaji mijinta na hannun maƙiya. Ai sai duniya ta zage ku."

Wada talaka ne, manomin gero. Ya sha fura ya yi godiya ya koma.

Wanda bai san abin da ke ƙasa ba zai ce mi Alhaji ke ci da wannan. Zakariya'u na da fili a Jiratawa, cikin gonakin ban-ruwa, bakin babban kanal inda ruwa ke fara isa. Alhaji ke noma shi tun da aka tura yaron arewa: alkama da rani, tattasai, zogale a gefe. Ranar da aka ce Zakariya'u ya rasu, ranar malamai za su zauna rabon gado, ɗiyarsa ta ɗauki nata, matarsa ta ɗauki nata. Muddin yana hannun 'yan tawaye, fili na hannun wansa, matarsa na bakin murhu, sunansa na kan motar kamfen. Mataccen Zakariya'u ba ya yi wa Alhaji aikin komi, rayayye kuwa aiki uku yake yi masa.

Abin da ya fi tsaya mani a rai ya faru ne da aka ce an zauna sulhu, za a sako waɗanda ke tsare. Gari ya ɗauka. Ko ba rediyo, labari ya shiga cikin gida. Tsahara ta yi kitso, ta ƙunsa lalle, ta wanke ɗaki ta turara shi. Ta aiko Maijidda da kanta wurina.

"Baba, Inna ta ce farin goro mai kyau, na Babana ne."

Na zaɓa mata na daushe na ce ta kai, kyauta ce. 

Alhaji na ganin lallen nan. Hajiya Saudatu na gani. Har ce mata suka yi ta soya kaji. Kwana da kwanaki tana ajiye tuwo a kwano mai murfi, da safe a ɗumama wa yara. Da lallen ya fara gogewa ta tari Alhaji a zaure, na ji su.

"Yaya, an ce wasu sun iso."

"Kashi-kashi ake sakinsu. Nasa kashin na baya."

"Ko wani bai zo da saƙonsa ba?"

"Tsahara, kin fara zargina ne? Faɗa mani in sani."

"A'a, Yaya."

Daga nan ta fara lalacewa. Ta rame har zanen fuskarta ya fito kamar yau aka yi shi. Ta koma magana ita kaɗai a bakin turmi. Mata masu shiga gidan suka fara tambaya, Alhaji ya ga ido ya yi yawa, ga majalisa an rushe an ce a sake zaɓe. Sai ya ce iskar gari ba ta karɓe ta ba, a kai ta Jiratawa ta huta. Aka saka ta bayan motar taki. Maijidda kuwa aka riƙe ta, wai za a sa ta lakwal. Ni na san dalili: uwa ba ta gudu Tibiri ta bar ɗiyarta a Maraɗi.

Na je Jiratawa ranar kasuwa da sunan sarin goro. Na same ta cikin filin mijinta tana tsinkar tattasai tare da 'yan ƙwadago, ƙafafunta sun tsage da laka. Ɗakin da aka ba ta, rabi buhunan taki ne. Mai gadin gonar na tsaye yana kallonmu, an ce masa ya riƙa kai rahoton duk wanda ya yi mata magana.

"Baba, Maijidda na cin abinci?"

"Tana ci."

"Tana tambayata?"

"Kullum."

Ta sunkuya ta ci gaba da tsinka. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Na daina ganinsa a mafarki. Da yana zuwa. In da mutuwa ya yi ai da an faɗa mani, ko Baba? Ba wanda zai ɓoye mutuwa."

Na dawo Maraɗi ban sari goro ko ɗaya ba. Na ce ko zan rasa bangon Alhaji, sai na samo kunnen da ya ji, tunda an ƙi idona.

Na yi ta bin tashoshi. Duk mai jan ƙafa sai na leƙa fuskarsa. Allah ya haɗa mu a bakin babbar kasuwa, yana kan babur yana kabu-kabu, ya bar soja saboda ƙafar. Na hau bayansa na ce ya kai ni Sabon Gari. Da muka yi nisa na ce, "Sha'ibu, ya haƙurin Zakariya'u?"

"Haƙuri sai Ma'aiki, Baba. Ai an daɗe. Da hannuna na zuba masa ƙasa. Kwanto aka yi mana a wani kwazazzabo, shi na gaba. Iyalinsa fa? Matar ta yi wani auren?"

"Tana jiransa."

Ya taka birki har na bugi bayansa.

"Jiran wa?"

Na ba shi labari a gefen hanya. Ya riƙe kai. Ya ce Alhaji ya roƙe shi ya yi shiru har a wuce zaɓe saboda tsohuwa, shi kuma ya sauke nauyi inda ya kamata, ya koma bakin aiki. Na ce to ga wani zaɓen ya zo, ka zo ka maimaita a gaban mutane.

"Baba, ni gurgu ne mai babur ɗin haya. Yaran Alhaji su ce wancan partin ya saye ni, su ƙona babur ɗin, in ci mi?"

"Ba sai ka ce komi ba. Ka zo ka zauna inda zan gan ka. Magana tawa ce."

Na san ranar da zan yi. Alhaji ya shirya saukar Alƙur'ani a ƙofar gidansa don neman nasara, an gayyaci malamai da manyan parti, an ɗauko lasifika. An kuma ɗauko Tsahara daga Jiratawa, don ba mai tuƙa tuwon taro kamarta. A unguwarmu, in an gama sauka liman na addu'a a hankali, wani mai murya na ɗaga ta ga jama'a, shi ne kuma ke jero sunayen mamatan gida a yi masu Fatiha. Shekara da shekaru ni ke wannan a layinmu, don na san kakan kowa, muryata kuma ba ta buƙatar lasifika. Alhaji ya manta da wannan, ko kuwa ya ɗauka tsoron bango ya gama da ni.

Da hantsi aka kammala. Tabarmi har bakin titi. Na hango Sha'ibu can ƙarshe kusa da babur ɗinsa, ya juya shi yana kallon hanya. Malam Abdulrazak ya yi addu'ar nasara, na ɗaga, aka shafa. Ya ce, "Mamatan gida." Aka miƙo mani lasifika. Hannuwa duk suka tashi sama.

Na kira kakansu. Amin. Na kira ubansu. Amin. Na kira tsohuwa da ta rasu da damina. Amin. Ban sauya murya ba, ban yi sauri ba.

"Da Zakariya'u, autan gidan nan, mijin Tsahara, uban Maijidda, wanda ya rasu a hanyar arewa. Allah ya jiƙansa. Fatiha."

Jama'a suka ce amin kafin kunnensu ya gaya masu abin da suka ji. Wasu har sun fara karantawa. Ba wanda ke sauke hannu tsakiyar Fatiha, ko Alhaji bai iya ba. Aka karanta ta har ƙarshe aka shafa. A cikin gida aka daina daka.

Alhaji ya miƙe.

"Kun gani ko? An saye shi. Tun bara nake faɗa, tsohon nan ɗan leƙen asirin wancan partin ne. Ranar addu'ata suka zaɓa su yi mani baƙin baki. Ku ɗauke shi."

Yaransa suka taso. Ɗaya ya shaƙi wuyan rigata. Liman ya ɗaga hannu.

"Ku sake shi. Ɗanasabe, na taɓa tambayarka, yau ma zan sake. Ka ji da kunnenka?"

"Ga mai kunnen can, Allah gafarta Malam."

Na nuna ƙarshen tabarmi. Gaskiya na ɗauka zai tada babur. Ya dubi hanya, ya dubi yaran Alhaji. Sannan ya taho yana jan ƙafa ta tsakiyar mutane, ya cire hula ya durƙusa gaban liman.

"Ni na rufe shi. Na zo gidan nan na faɗa wa wansa a cikin zauren can."

Malam Abdulrazak ya juya. Ga izu sittin a baje kan buzu, yanzu aka gama karanta su.

"Alhaji, ga Littafi gabanka. Ka ce ƙanenka na raye, mu ba ka haƙuri mu kori waɗannan."

Alhaji ya dubi manyan partinsa, suka dubi tabarma. Ya gyara hula.

"Malam, lokaci ne bai yi ba. Tsohuwa ba lafiya. Na ce a bari a wuce zaɓe."

"Tsohuwa ta rasu. Zaɓen kuma wanne? Wannan na biyu ke nan."

"Ita ma yarinyar na tausaya mata. Ina za ta? A nan tana ci tana sha."

Sai ga Tsahara a bakin zaure, muciya a hannu, ba mayafi, gari har gira. Hajiya Saudatu na jan zanenta ta baya tana cewa, ke ba ki da kunya, maza ne. Ba ta yi kuka ba. Ta zo ta durƙusa nesa kaɗan da malamai ta ajiye muciyar.

"Allah gafarta Malam, yaya ake fara takaba? Ban taɓa yi ba."

Liman ya tambayi Sha'ibu yaushe ne. Ya ce damina biyu ta wuce a kan kabarin. Malam ya ja carbi ya juyo wurin Tsahara.

"Ɗiyata, takaba daga ranar rasuwa ake lissafa ta. Taki ta ƙare tuntuni. Ba aure a kanki, ba takaba a kanki."

"Tun yaushe, Malam?"

"Tun kafin ki ƙunsa lallen da aka ce kin ƙunsa."

Ta dubi tafin hannunta. Ta dubi Alhaji, karon farko da na ga ta dube shi ido cikin ido.

"Yaya, ko kukan ma ka hana ni."

Ta tashi ta shiga ciki. Ba a jima ba ta fito da mayafi, ƙunshin kaya a ka, Maijidda a hannu. Hajiya Saudatu ta tare ƙofa.

"Ki tahi ke kaɗai. Wannan ɗiyar gida ce, jininmu ce."

Liman bai ɗaga murya ba. Ya ce yarinya ƙarama na wurin uwarta, wanda ke da ja ya same shi gaban alƙali. Ga mutane ɗari biyu da za su jefa ƙuri'a suna kallo. Alhaji ya ce wa yayarsa ta matsa. Sha'ibu ya ɗauke su kan babur, uwa da ɗiya, har Tibiri.

A gidan kawunta ta warware kitso, ta ɗaura tsohon zane, ta zauna ɗaki wata huɗu da kwana goma. Malaman can suka ce ba dole a kanta, ta ce ta sani, ita ranar saukar ta ji mutuwarsa.

Ni kuwa kafin azahar an watsar da teburina cikin kwata. Na tsince gorona na wanke, na koma bangon masallaci, ciniki ma ya fi. Kar wani ya ɗauka Alhaji ya tozarta. Ya ci zaɓen nan. Da sojoji suka kwashe majalisar bayan shekara, ya sauya hula ya shiga sabon parti, ya ci gaba da zama gaban mota. Maganar filin Jiratawa ta je gaban manya, aka ce a jira ƙasa ta lafa, har yau shi ke girbe alkamar. Waɗanda suka ce amin ranar nan, su ne ke cin tuwonsa, kuma da yawansu sun ga rigar, sun ga lallen, sun ga motar taki. Kowa ya ce maganar gida ce, babba ne zai faɗa. Babban kuwa shi ne ɓarawon.

Yanzu an samu masu cewa Ɗanasabe ya tsufa yana ƙara gishiri, wasu na cewa biyana aka yi. To Alhaji Maman Lawali na nan da ransa, kullum bayan la'asar yana zaune ƙofar gidansa a Sabon Gari cikin mutanensa. Wanda ke shakkata ya je ya yi sallama, ya rage tsawo ya ce, "Alhaji, ya haƙurin Zakariya'u?" Ya tsaya ya kalli fuskarsa, in yana da ƙafar gudu. In ya dawo da rigarsa a jikinsa, ya same ni bangon masallaci ya ce mani maƙaryaci.